Sirof ɗin yara a bakin kare: awon da ake yaɗawa da abin da ke cikin kwalbar

Duk mai kiwon kare da ya taɓa neman maganin ƙaiƙayi a intanet zai ci karo da amsa guda da ake ta maimaitawa: a ba kare Benadryl, miligiram ɗaya ga kowace laba ta nauyin jikinsa, idan kuma ƙarami ne a ba shi na ruwa, wanda aka yi don yara. Daga Amurka amsar ta fito, inda da wuya ka shiga gida ka rasa wannan magani, kuma likitocin dabbobi na can sun daɗe suna aiki da shi. Gaskiya ce a wurinta. Sai dai an ɗinka ta ne daidai jikin kwalba ɗaya, a ƙasa ɗaya, da ma'aunin nauyin da mu ba ma aiki da shi. Kafin ta iso hannun mai karen gadi a Kaduna ko mafarauci a ƙauyen Bauchi, wanda abin da kyamis ɗin unguwarsu ke da shi Piriton ne ko sirof ɗin tari na yara, kusan kowane ɓangare nata ya sauya ma'ana.

Idan ƙudan zuma ko rina ta harbi kare, ko jikinsa ya ƙi wata allura, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a fata da hanji sukan fashe su zubo da sinadarin histamin. Shi ne ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsattsafo cikin nama, fuska ta kumbura, fata ta yi rudu-rudu irin na borin jini. Wannan borin da jiki ke yi shi ake kira alaji, kuma magungunansa irin su Benadryl da Piriton ba sa hana histamin fitowa. Suna riga shi zama ne a gurbin da yake kamawa, ya iso ya tarar an cike wurin. Shi ya sa suka fi aiki idan an ba da su da wuri, kafin kumburin ya yi nisa. Abin sha'awa, a jikin kare aka fara gane wannan babi na ilimin likitanci. A 1902 wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suna yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku don su ga ko jikinsu zai saba da shi, sai suka ga akasin haka: karen da ya tsallake allurar farko, ƙaramin awo na biyu bayan 'yan makonni ya kashe shi cikin mintuna. Wannan binciken ne ya ba Richet kyautar Nobel a 1913.

Sinadarin da ke cikin Benadryl na Amurka shi ne difenhaidiramin, wanda a jikin kwali ake rubuta shi diphenhydramine. George Rieveschl ne ya haɗa shi a Jami'ar Cincinnati a 1943, aka fara sayar da shi a 1946. Har yau hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yi wa wanda ake sha rajista a matsayin maganin kare ba. Wata doka ta 1994 ce ta ba likitan dabbobi damar rubuta maganin mutane ga dabbar da ya duba. A lura da sharaɗin: likita, da dabbar da ya duba. Intanet ta ɗauki lambar ta bar sharaɗin a baya.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Littafin aikin likitocin dabbobi na Merck ya ba da awon difenhaidiramin ga kare tsakanin miligiram 2 zuwa 4 ga kowane kilo, duk bayan awa 8 zuwa 12. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, don haka miligiram ɗaya ga laba da Amurkawa ke faɗa ya faɗo ne a gefen ƙasa na wannan awo, kuma daga nan mai hankali ke farawa. Sirof ɗin yara na Amurka yana ɗauke da miligiram 12.5 a cikin kowace mililita 5, wato miligiram 2.5 a mililita ɗaya. Kare mai kilo 4 yana bukatar miligiram 8, sai a raba da 2.5, a samu mililita 3 da 'yan kai. Mai kilo 10 yana bukatar miligiram 20, mililita 8 ke nan. Mai kilo 30, irin manyan karnukan gadin nan na Jamus, zai bukaci mililita 24, kusan cokalin shayi biyar na ruwa mai zaƙi, alhali ƙwayoyin manya masu miligiram 25 sun fi sauƙin bayarwa. A nan dalilin shawarar na yara ya tsaya. Ƙaramin kare ba a iya gutsura masa ƙwaya daidai, ruwa kuwa ana auna shi da sirinji. Sinadarin iri ɗaya ne da na manya, ƙarfinsa ɗaya, an dai tsarma shi ne. Mutane da yawa sun ɗauka tunda na yara ne to ba ya cutarwa, ko an ɗan zarce ba komai, kuma wannan zaton ya fi kuskuren lissafi haɗari.

Kurakuran lissafin ma sanannu ne. Wani zai karanta miligiram ya auna mililita, ya ba kare mai kilo 10 mililita 20, ya ninka awon sau biyu da rabi bai sani ba. Wani zai auna da cokalin cin abinci, alhali cokulan gida ba su da girma ɗaya. Mafi yawa kuma ba su san nauyin karen ba, kintace suke yi da ido, kuma gashi yana ruɗin ido. Hanyar tana da sauƙi: ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da karen, ka cire na farko daga na biyu.

Daga nan ne abin ke fara rikicewa, domin sunan da ke kan kwali ba ya nufin abu ɗaya a ko'ina. Benadryl na alaji da ake sayarwa a Ingila ba difenhaidiramin ba ne a ciki. Wani nau'in akribastin ne, wani setirizin, akwai kuma wanda aka haɗa da maganin toshewar hanci. Wanda ɗan'uwansa ya kawo masa tsaraba daga Landan, ya ɗauko lissafin Amurka ya ɗora a kai, magani daban yake aunawa da ma'aunin wani. Mu kuma a nan abin da hannu ya fi kaiwa gare shi Piriton ne, kuma sinadarinsa kulofeniramin ne, mai ƙarfi ƙwarai idan aka gwada miligiram da miligiram. Awon da likitoci ke amfani da shi ga kare bai wuce rubu'i zuwa rabin miligiram ga kowane kilo ba. Ƙwayar Piriton ɗaya miligiram 4 ce, ta ishi kare mai kilo 10. Idan mai karen ya ɗauko lambar difenhaidiramin ya ce miligiram 20, zai ɗura masa ƙwaya biyar, ninki huɗu na iyakar da aka yarda. Setirizin kuma, wanda ke cikin Zyrtec da ire-irensa, awonsa wajen miligiram ɗaya ne ga kilo, yawanci sau ɗaya a yini. Sinadari uku, awo uku, duk kuwa da cewa mai kyamis zai kira su da suna ɗaya, maganin ƙaiƙayi. Kowace lamba ta sinadarinta ce, ba ta bin sunan kamfani, ba ta bin sunan cuta.

Ko an dace da sinadarin, akwai sauran abin da ke cikin kwalbar, kuma a ganina nan ne haɗarin ya fi yawa. Mai haɗa maganin yara yana da damuwar da ba ta shafi kare ba: ya ɓoye ɗaci, ya sa yaro ya haɗiye ba kuka, kada kuma sukari ya ɓata masa haƙori. Ɗaya daga cikin abubuwan zaƙin da ake sawa a madadin sukari shi ne zailitol, a kwali xylitol ko E967. Ga ɗan Adam ba shi da wata illa ta a zo a gani. Jikin kare kuwa yana ɗaukarsa tamkar sukari mai yawa ya shigo, sai ya sako insulin da yawa, sukarin jininsa ya faɗi warwas, wani lokaci cikin minti 10 zuwa awa ɗaya. Kare zai fara amai, ya yi tangaɗi, ya faɗi yana jijjiga. Kashi ɗaya cikin goma na giram ga kowane kilo ya isa ya jawo haka, wato rabin giram ga kare mai kilo 5. Idan ya kai rabin giram ga kilo, hanta ce ke shiga haɗari. Ba kowane sirof ne ke da shi ba, amma duk wanda aka rubuta masa cewa ba sukari, da ƙwayoyin taunawa, da masu narkewa a kan harshe, sai an karanta jerin kayan haɗinsu layi-layi. Wasu sirof ɗin kuma da barasa aka narkar da maganin, kuma ƙaramin kare ba ya jure ta.

Sai magungunan haɗin gambiza, waɗanda su ne suka cika kantunanmu: kwalba ɗaya ta mura da tari da zazzabi da toshewar hanci. Yawancinsu akwai maganin alaji a ciki, shi ya sa mutum zai duba ya ga sunan da yake nema ya ce ya samu. Amma a gefensa akwai sudo'efedirin ko fenilefirin na buɗe hanci. Sudo'efedirin yana tayar da bugun zuciyar kare da hawan jininsa, ya sa shi zirga-zirga da haki da zafin jiki. Alamun guba kan bayyana daga wajen miligiram 5 ga kilo, kuma miligiram 10 zuwa 12 ga kilo na iya kisa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 30 ta wuce layin farko ga kare mai kilo 5. Kamfanonin Amurka kan ƙara harafin D a ƙarshen sunan irin waɗannan, kamar Zyrtec-D da Claritin-D. Harafi ɗaya ne tsakanin abin da likita zai iya yarda da shi da abin da zai kai kare ga halaka. Farasitamol ma yakan shigo cikin haɗin. Likita kan ba kare shi a wasu lokuta da awo na musamman, amma idan ya yi yawa yana lalata hanta da jajayen ƙwayoyin jini, ga kyanwa kuwa ko kaɗan bai halatta ba, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen yana huda cikin kare da gyambo ya taɓa ƙoda. Akwai kuma kodin. Tun watan Mayu na 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da sirof ɗin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta yi kan yadda matasa ke shansa, amma duk wanda ke zaune a Arewa ya san hani a takarda daban, bayan kanta daban.

Mu da muka ga abin da ruwan sirof ke iya yi ba ma bukatar dogon wa'azi a kan wannan. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka mutu a Najeriya saboda wani maganin fitowar haƙori da aka haɗa da gurɓataccen ruwan narkarwa, a 2022 kuma irin wannan guba ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Ƙoda wannan guba take lalatawa, kuma ƙodar kare ma ba ta tsira daga gare ta ba. Kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ko wadda aka juye a wata kwalba babu takarda, ba ta cancanci bakin yaro ba, ba ta cancanci bakin dabba ba.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ko maganin ma yana aiki. Ga kumburin harbin ƙudan zuma ko borin jini na farat ɗaya, likitoci suna amfani da shi, sau da yawa ta allura, tare da wani maganin. Ga karen da ya yi wata da watanni yana susa, labarin daban ne. Hanjin kare da hantarsa ba sa barin difenhaidiramin da aka sha ya isa jini da yawa kamar na mutum. A wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Jojiya a Amurka suka wallafa a 2020, an ba lafiyayyun karnuka difenhaidiramin ta baki a kan awon nan da aka saba, aka tsokano borin jini a fatarsu, maganin bai rage kumburin ba, setirizin kuwa ya rage. Ban da haka, ƙaiƙayin alaji mai daɗewa a jikin kare ba histamin ne babban direbansa ba. Wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira IL-31 ya fi taka rawa, kuma shi aka nufa da sababbin magunguna irin Apoquel, da aka yi wa rajista a Amurka a 2013, da allurar Cytopoint da ta biyo baya a 2016. Abin da mai kare ke gani bayan ya ba da Piriton ko Benadryl, karen ya kwanta ya daina susa, sau da yawa barci ne maganin ya sa shi. Tsofaffin magungunan alaji suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su kawo gyangyaɗi. Idan ya farka zai ci gaba daga inda ya tsaya.

A ƙasarmu ma alaji ba shi ne zargi na farko ba idan kare na susa. Ƙuma ce, ko kaska, ko ƙazuwa. Ƙazuwar kare wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke haƙa rami a fata, ta fi kama gefen kunne da gwiwar ƙafa da ciki, gashi ya zube, fata ta yi kauri, kuma takan tsallaka ta ba mutanen gida ƙuraje masu ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ko kashi ya jiƙa, tsutsarsa ta shiga fatar 'yan kwikwiyo ta yi maruru mai ƙaramin rami a tsakiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da maganin alaji ke taɓawa. Kowane mako da aka ɓata ana ɗura sirof, ƙwarin suna ƙara yawa, fatar da aka sosa tana buɗewa ga ƙwayoyin cuta. Daga nan sai wani ya kawo shawarar a shafa baƙin mai na inji, wanda ke ƙona fata, kare kuma ya lashe ya shiga cikinsa. Likita zai kankari fatar ya duba a madubin likita cikin 'yan mintuna, kuma magungunan ƙuma da kaska da ƙazuwa suna nan a kasuwa.

Na san abin da ke hana mutane zuwa. A cikin Hausawa, mutum ya ja rago ko saniya zuwa asibitin dabbobi abin yabo ne, ya ja kare kuwa sai an bi shi da kallo. Ga kuɗi, ga nisa. Amma wanda ya ajiye kare don gadi ko farauta ko tsaron garke ya ɗauki nauyinsa, kuma wuraren suna nan: asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, ban da asibitocin dabbobi na jihohi. Ko ta waya, likitan da aka karanta masa nauyin kare da jerin kayan haɗin kwalba zai iya cewa a ba shi ko kada a ba shi. Zai kuma tambayi abubuwan da intanet ba ta tambaya. Kare mai ciwon zuciya, ko hawan jinin ido, ko farfaɗiya, ko tsohon da fitsari ke yi masa wuya, waɗannan magunguna na iya tsananta masa, domin suna busar da baki, su riƙe fitsari, su ƙara bugun zuciya. Karya mai ciki ko mai shayarwa da ƙananan 'yan kwikwiyo su ma ba a yi musu gwaji a gida. Ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali tsawon yini ba a ba kare su sam, don idan ya tauna duk maganin zai fita lokaci guda.

Akwai yanayi uku da neman awo ɓata lokaci ne. Na farko, idan bayan harbi ko allura kare ya fara amai da gudawa, dasashinsa ya yi fari, ya kasa tsayuwa ko numfashi ya yi masa wuya. Irin abin da Richet ya gani ke nan. A jikin kare hanta da hanji ne ke fara ɗaukar bugun, shi ya sa amai da faɗuwa kan riga kumburin fuska, kuma maganinsa allurar adiranalin ce da ƙarin ruwa, sirof ba zai cim masa ba. Na biyu, karen farauta da ya dawo daga daji da kumburarren baki ko ƙafa. Kafin a ce ƙudan zuma ne a nemi gurbin haƙori, a duba ko jini na tsattsafowa ba ya tsayawa. Kububuwar nan da ta sa asibitin Kaltungo ya yi suna tana saran karnuka kamar yadda take saran manoma, kuma maganin alaji ba ya karya dafin maciji. Na uku ya shafi ran mai karen ne. Karen da halinsa ya sauya ba dalili, yana dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa, musamman wanda ba a yi masa rigakafi ba, ana zargin ciwon hauka ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kada wanda ya sa hannu a bakinsa da sunan ba shi magani.

Idan kuma an riga an ba da maganin sannan aka gane an zarce, ko aka ga akwai zailitol ko maganin hanci a ciki, alamun da za a sa wa ido su ne barci mai nauyin da ba a iya tada shi, ko akasinsa, wato rashin natsuwa da haki, buɗewar ƙwayar ido, bugun zuciya da sauri, makyarkyata, jijjiga. Ba a jiran su bayyana. A ɗauki karen da kwalbar da kwalinta a tafi, a riƙe lokacin da aka ba shi da yawan abin da ya sha, domin da su likita zai yanke shawarar ko ya sa shi amai ko lokacin hakan ya wuce. Manja da madara da aka saba ɗurawa ba sa karya ko ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, kuma karen da hankalinsa ya fara gushewa zai iya shaƙe su zuwa huhu. Ruwan gishiri da wasu ke bayarwa don jawo amai shi kansa guba ne ga kare idan ya yi yawa.